Na zaɓi High Level a Group Policy, amma binciken tsaro ya ce haɗin Remote Desktop ɗinmu bai tsaru ba

Ɗan Sashen Kwamfuta ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da abokan sana'a. Ina neman ƙarin haske a kan yadda ake tilasta wa dukkan sabobin ma'aikata su riƙa karɓar haɗin Remote Desktop (shiga kwamfuta daga nesa) a sirrance kawai, ta hanyar Group Policy, wato tsarin Windows na tura saiti zuwa kwamfutoci da yawa daga wuri ɗaya, ba tare da an bi su ɗaya bayan ɗaya ana gyara saiti da hannu ba.

Ga yadda lamarin yake. Muna amfani da Active Directory, wato tsarin Microsoft da ke riƙe asusun ma'aikata da na kwamfutoci, kuma yawancin sabobinmu Windows Server 2016 ne da 2019, sai 'yan kaɗan masu 2022, sai kuma wata tsohuwa guda mai Windows Server 2008 R2 wadda har yanzu ba a samu damar raba ta da wata manhajar lissafi da ke kanta ba. Kwamfutocin ma'aikata kuwa Windows 10 ne da Windows 11. Da shugabanni suka ba da umarni cewa duk wani haɗi na nesa ya kasance a sirrance, sai na ƙirƙiri sabuwar GPO, wato dokar Group Policy, na bi ta Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Remote Desktop Services, Remote Desktop Session Host, har zuwa Security, na kunna saitin da ake kira "Set client connection encryption level", na zaɓi High Level, sannan na ɗaura dokar a kan OU ɗin da sabobin suke ciki, wato sashensu a Active Directory. Na duba da umarnin gpresult, mai nuna dokokin da suka hau kwamfuta, na ga ta sauka.

Duk da haka, da masu binciken tsaro suka lalube ƙofar 3389, wadda Remote Desktop ke amfani da ita, a sabobin, rahotonsu ya zo da ƙorafi. Sun ce wasu daga cikin sabobin suna amincewa da tsohuwar hanyar tsaro ta RDP (ƙa'idar sadarwar Remote Desktop), kusan dukkansu suna karɓar TLS 1.0, wato tsohuwar sigar TLS, tsarin sirranta haɗi, kuma takardun shaidar da suke nunawa su ne suka ba wa kansu, babu wata cibiya da ta sa musu hannu.

Abin da nake so in fahimta shi ne, idan High Level bai wadatar ba, wane saiti ne yake tilasta sirrantawar da ake nufi? Na ga wani saitin a wuri guda mai zaɓin SSL, amma an rubuta TLS 1.0 a gefensa, shi ya sa na ƙi taɓa shi, don kada in ɗaure sabobin a kan abin da ake so mu rabu da shi. Sannan babban abin da nake tsoro shi ne in tura dokar da za ta rufe mana ƙofa mu kanmu, domin akwai sabobin da ba a ginin da muke suke ba. Na gode.

Tsohon Hannu ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, Malam. Dokarka ta sauka lafiya, sai dai ba ta taɓa abin da masu binciken suke magana a kai ba, kuma sunan saitin ne yake jefa mutane da yawa cikin wannan ruɗani. Idan ka buɗe shi ka karanta bayanin da Microsoft ya rubuta a gefe, za ka ga an faɗa a fili cewa yana aiki ne kawai idan ana amfani da sirrantawar RDP ta asali, kuma ba ya shafar haɗin da ke tafiya ta SSL, wato TLS. Wato tsohuwar hanyar ka ƙara wa ƙarfi, alhali abin da ake nema a wurinka shi ne ka rufe ta gaba ɗaya.

Tsohuwar hanyar tana sirranta bayanai da RC4. A matakin Low makullin bit 56 ne, kuma abin da ke fita daga kwamfutar mai shiga zuwa sabar kaɗai ake sirrantawa, abin da sabar ke maidowa yana tafiya a buɗe. A Client Compatible ana amfani da iyakar ƙarfin da kwamfutar mai shiga za ta iya, a High kuwa bit 128 ne ta ɓangarorin biyu. Amma babbar illar wannan hanya ba a tsawon makulli take ba. Illar tana wajen yadda sabar ke shaida cewa ita ce ita: makullin da ake sa hannu da shi a kan shaidarta iri ɗaya ne a kowace Windows, an tona wannan tun a 2005 aka ba shi lamba CVE-2005-1794, kuma yau makullin yana rubuce a cikin takardun bayanin RDP da Microsoft da kansa ya wallafa. Saboda haka duk wanda ya samu wurin tsayawa a tsakanin ma'aikaci da sabar zai iya yin sojan gona a matsayin sabar ɗin, ya karɓi duk abin da ake bugawa a madannai har da kalmar sirri, ya miƙa wa sabar ta gaskiya, kuma haɗin zai ci gaba da tafiya da bit 128 kamar yadda ka umarta. Wannan ne ya sa aka shigo da TLS cikin RDP tun daga Windows Server 2003 SP1.

Saitin da ka gani ka ƙi taɓawa, wanda sunansa ya fara da "Require use of specific security layer", shi ne wanda kake nema. Zaɓi uku gare shi. RDP yana nufin tsohuwar hanya kaɗai. Negotiate yana nufin a yi amfani da TLS idan kwamfutar mai shiga ta ce ta iya, idan kuma ta ce ba ta iya ba a sauko zuwa tsohuwar hanya. Ka lura da cewa a nan wanda yake ƙwanƙwasa ƙofa ne yake zaɓar irin tsaron da za a yi da shi, kuma mai mugun nufi ba zai ji nauyin cewa bai iya TLS ba. SSL kuwa yana nufin idan ba TLS, to babu haɗi. Shi za ka zaɓa.

Game da rubutun TLS 1.0 da ke gefensa, kada ya dame ka. Tsohon lakabi ne da ya rage tun lokacin da TLS 1.0 kaɗai ake da shi, kuma a sababbin fayilolin samfuri an cire shi, SSL kawai ake gani. Idan har yanzu kana ganinsa, mai yiwuwa fayil ɗin TerminalServer.admx da ke cikin PolicyDefinitions a SYSVOL ɗinku ya tsufa. Remote Desktop ba ya zaɓar sigar TLS da kansa. Yana miƙa wannan aikin ga Schannel, wato sashen Windows da ke kula da TLS ga dukkan manhajojin da suka dogara da shi, kuma Schannel zai ɗauki mafi sabuwar sigar da ɓangarorin biyu suka iya. Tsakanin Windows 10 da Server 2016 ko 2019, TLS 1.2 za a samu. Hana TLS 1.0 aiki ne na daban, a wani wuri na daban, kuma ba ya cikin wannan babban fayil na Security ko kaɗan.

Saiti na biyu da dole ya tafi tare da wannan shi ne "Require user authentication for remote connections by using Network Level Authentication", wanda muke taƙaitawa da NLA. Ya zo ne tare da Windows Vista da Server 2008, kuma aikinsa shi ne a tantance mutum ta hanyar CredSSP kafin sabar ta buɗe masa zama ko ta nuna masa allon shiga. Amfaninsa ya fito fili a watan Mayun 2019, lokacin da aka sanar da ramin BlueKeep, CVE-2019-0708, wanda ya shafi Windows XP da Windows 7 da Server 2003 da 2008 da 2008 R2, kuma ake iya kutsawa ta cikinsa ba tare da sunan shiga ko kalmar sirri ba. Sabar da ke tilasta NLA sai maharin ya mallaki sahihin asusu kafin ya kai ga ramin. Ina ma kyautata zaton cewa sabobin da rahoton ya ce suna karɓar tsohuwar hanya su ne waɗanda wani ya cire wa alamar NLA da hannu a wani lokaci a baya, wataƙila don wata tsohuwar na'ura ta samu shiga, domin sabar da ke neman NLA ba ta amsa wa mai neman tsohuwar hanya. Dalilin yin abin ta Group Policy ke nan: da zarar dokar ta sauka, akwatin zaɓin zai dushe a kan sabar, ba mai iya cire alamar daga can.

Ka bar High Level ɗinka yadda yake, ba ya cutar da komai, kuma jerin ƙa'idojin da masu bincike ke dubawa yakan nemi a gan shi. Ka ƙara da kunna "Require secure RPC communication" da ke wuri guda. Idan kana son ganin sakamakon da idonka, ka buɗe Registry a kan sabar, ka je HKLM\SOFTWARE\Policies\Microsoft\Windows NT\Terminal Services. Ya kamata ka tarar da SecurityLayer a kan 2, UserAuthentication a kan 1, MinEncryptionLevel a kan 3. Kada ka duba abin da ke ƙarƙashin WinStations\RDP-Tcp ka yanke hukunci da shi, domin can saitin gida ne na sabar, kuma abin da ke ƙarƙashin Policies shi yake rinjaye a kansa ko da lambobin sun saɓa.

Malama Mai Binciken Tsaro ta rubuta:

Na yarda da duk abin da Malam Tsohon Hannu ya faɗa, amma ina ganin ya tsaya a rabin hanya, domin ƙorafi na uku da ke cikin rahoton, wato na takardar shaida, shi ne wanda aka fi rainawa, kuma a ganina idan ba a magance shi ba to sauran gyaran bai cika ba. Duk saitunan da ya lissafa a kan sabar suke. Sabar za ta ƙi duk wanda bai zo ta TLS ba, wannan gaskiya ne, amma mai sojan gona ba ruwansa da dokar da ke kan sabar ɗinka. Shi kwamfutar ma'aikacinka yake yaudara, kuma babu abin da zai hana shi yin TLS da ita da takardar shaidar da ya ƙirƙira wa kansa. Sirrantawa ba tare da sanin wanda ke ɗaya ɓangaren ba kamar ka manne wasiƙa a ambulan ne ka miƙa wa wanda ya fara miƙo hannu.

Idan ba a ba ta wata ba, kowace Windows tana ƙirƙirar wa kanta takardar shaida ta Remote Desktop, mai wa'adin kimanin wata shida, tana ajiye ta a ma'ajiyar da ake kira Remote Desktop, wadda za ka gani idan ka buɗe certlm.msc. Tun da babu cibiyar da ta sa mata hannu, kwamfutar mai shiga takan fito da akwatin nan mai launin rawaya da ke cewa ba a iya tabbatar da ko wace ce kwamfutar nesa ba, ta tambaya ko a ci gaba. Duk wanda ya yi aiki da ma'aikata ya san abin da ke biyo baya: mutum zai sa alama a kan kada a sake tambayarsa, ya danna Yes. Ranar da gargaɗin zai fito saboda dalili na gaskiya, hannunsa ya riga ya saba.

Akwai wani abu da ke ɓoye wannan matsala a cikin ma'aikatun da ke da Active Directory. Idan kwamfutar mai shiga tana cikin domen ɗin, kuma aka kira sabar da sunanta, Kerberos, wato tsarin tantancewa na Active Directory, shi ne yake tabbatar da sabar, ba takardar shaida ba, don haka gargaɗin ba ya fitowa. Za ka iya ganin wannan idan ka danna hoton kwaɗon da ke kan shuɗin layin da ke saman allo yayin da kake cikin zama, zai gaya maka ko da Kerberos aka tabbatar da ita ko da takarda. Amma da zarar an kira sabar da lambar IP, ko aka shigo daga kwamfutar da ba ta cikin domen, sai a koma NTLM, tsohuwar hanyar tantancewa ta Windows, kuma a nan takardar shaida ce kaɗai abin dogaro.

Gyaran kashi biyu ne. Na farko, idan kuna da Active Directory Certificate Services, wato cibiyar ba da takardun shaida ta cikin gida, ka kwafi samfurin Computer, ka ba sabon suna marar tazara a tsakanin kalmomi, kuma ka sa sunan samfurin da sunan da ake nunawa su zama iri ɗaya, domin saɓaninsu yakan sa sabar ta yi ta neman sabuwar takarda a kai a kai. A wajen manufar amfani ka sa Remote Desktop Authentication, mai lamba 1.3.6.1.4.1.311.54.1.2, ko Server Authentication, mai lamba 1.3.6.1.5.5.7.3.1. Ka ba rukunin Domain Computers izinin Enroll, kuma ka tuna cewa sabobin da ke riƙe da Active Directory ba sa cikin wannan rukuni, nasu Domain Controllers ne, sai ka ƙara shi daban. Ba ka buƙatar Autoenroll, domin Remote Desktop da kansa yake neman takardar. Bayan ka wallafa samfurin a cibiyar, sai ka koma GPO ɗinka, ka kunna "Server authentication certificate template", ka rubuta sunan samfurin.

Kashi na biyu shi ne wanda ba ya cikin OU ɗin sabobi sam. Ka ƙirƙiri wata GPO ta kwamfutocin ma'aikata, ka je Remote Desktop Connection Client, wanda ke ƙarƙashin Remote Desktop Services ɗin nan dai, ka kunna "Configure server authentication for client". Zaɓinsa uku ne: a haɗa ko da tantancewa ta gaza, a yi gargaɗi, ko kada a haɗa. Na ukun shi ne yake cire maɓallin Yes daga hannun ma'aikaci. Amma kada ka kunna shi sai takardun sun gama sauka a kan dukkan sabobi, in ba haka ba wayar sashenku ba za ta huta ba.

Injiniyan Cibiyar Sadarwa ya rubuta:

Ni zan tsaya a kan tsoron da ka ambata na rufe wa kai ƙofa, domin yana da tushe, sai dai ba daga saitin SSL haɗarin ya fi zuwa ba. Duk Windows da kuke da ita ta iya TLS da NLA. Haɗarin yana wajen kashe TLS 1.0.

Ana yin wannan ne a Registry, ƙarƙashin HKLM\SYSTEM\CurrentControlSet\Control\SecurityProviders\SCHANNEL\Protocols, inda ake ƙirƙirar maɓallin TLS 1.0 da na TLS 1.1, kowanne da Server a ƙarƙashinsa, a sa Enabled a kan 0, DisabledByDefault a kan 1, kuma ana iya rarraba shi ta Group Policy Preferences. Yana da kyau a yi, tun da hukumar IETF ta yi wa sigogin biyu ritaya a 2021 ta takardar RFC 8996. Amma wannan canji ya shafi sabar ne gaba ɗayanta, ba Remote Desktop kaɗai ba: IIS da SQL Server da duk manhajar da ke jingine da Schannel za su ji a jikinsu bayan an sake kunna sabar. Ita kuwa tsohuwar nan mai 2008 R2, Remote Desktop ɗinta bai san TLS 1.1 ko 1.2 ba sai an sa mata facin KB3080079. Idan ka tilasta mata SSL, sannan ka kashe TLS 1.0 kafin facin ya hau, babu sigar da za ta rage da za a yi magana da ita, kuma ba za ka gane ba sai bayan ta sake tashi. Ka ware ta a OU na daban, ka sa faci, ka gwada, kafin nan ka taɓa Schannel ɗinta. Ga sabobin da ke nesa kuma, ka tabbatar kana da wata hanyar shiga da ba ta bi ta ƙofar 3389 ba, ko iLO ko iDRAC (na'urorin sarrafa saba daga nesa) ko allon Hyper-V ko na VMware, kuma ka gwada ta kafin ranar, ba a ranar ba.

NLA ma yana da nasa halin da ya kamata ka sanar da masu amsa kiran ma'aikata tun da wuri. Wanda kalmar sirrinsa ta ƙare wa'adi, ko wanda aka sa wa asusunsa alamar sai ya canza ta a shiga ta gaba, ba zai iya shiga ta Remote Desktop ya canza ta ba, domin ana tantance shi ne kafin a nuna masa allon da ake canzawar. Haka kuma asusun yana buƙatar haƙƙin "Access this computer from the network" a kan sabar, bayan na shiga ta Remote Desktop Services, saboda haka idan wata tsohuwar doka ta taƙaita wannan haƙƙin, za ka ga mutanen da ke cikin Remote Desktop Users ana korarsu.

Idan kuma kuka ci karo da saƙon kuskure mai ambaton CredSSP encryption oracle remediation, wannan ba daga sabuwar dokarka ba ne. Ya samo asali ne daga facin CVE-2018-0886 na watan Maris 2018, wanda daga watan Mayun shekarar kwamfutar da aka yi wa faci ta daina yarda ta haɗu da sabar da ba a yi wa ba. Maganinsa a sabunta sabar. Za ka ga ana ba da shawarar a je System, Credentials Delegation, a mai da saitin zuwa Vulnerable, to sunan zaɓin ma ya isa ya gaya maka abin da ake saya da shi.

Wani zai iya ce maka ka kunna dokar FIPS, wato ƙa'idar sirrantawa ta gwamnatin Amurka, da ke Security Options don a samu mataki mafi ƙarfi. Kada ka yi sai idan wata ƙa'idar da ta hau kanku ce ta wajabta, domin tana shafar dukkan na'urar, tana karya wasu manhajojin .NET da ke amfani da irin su MD5, kuma Microsoft da kansa ya cire ta daga jerin shawarwarinsa na tsaro tun a 2014. Sannan duk wannan magana ta cikin gida ce. Idan akwai sabar da ƙofar 3389 ɗinta ke kallon intanet kai tsaye, TLS ba zai hana masu gwada kalmomin sirri dare da rana ba, sai a mai da ita bayan VPN ko Remote Desktop Gateway, wanda ke karɓar haɗi ta ƙofar 443.

Ɗan Sashen Kwamfuta ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, malamai. Na ƙirƙiri OU na gwaji, na sa sabobi kaɗan a ciki, na kunna SSL da NLA da samfurin takardar shaida, kuma a kan yawancinsu lambobin da Malam Tsohon Hannu ya ambata sun bayyana a Registry, takardun ma sun sauka daga cibiyarmu. Ban taɓa Schannel ba tukuna, kamar yadda Injiniya ya ba da shawara.

Abu biyu suka rage mini. Akwai wata sabar da na sa a cikin rukunin tsaron da na taƙaita dokar a kansa, amma ko bayan umarnin gpupdate /force, mai tilasta ɗauko dokoki nan take, babu abin da ya canza a kanta. Na biyu kuma, da na gwada dokar Malama ta kada a haɗa a kan kwamfutocin sashenmu, abokan aikina da suka saba kiran sabobi da lambar IP duk an hana su shiga, ko da yake sabobin suna da sababbin takardu. Shin in sa lambobin IP a cikin takardun ne, ko akwai wata hanya?

Tsohon Hannu ya rubuta:

A kan ta farko, ka buɗe layin umarni da ikon mai gudanarwa a kan sabar ɗin, ka rubuta gpresult /scope computer /r, ka duba abu biyu: ko sunan GPO ɗin yana cikin waɗanda aka tace aka ƙi amfani da su, da kuma jerin rukunonin da sabar ke ganin tana ciki. Zan yi mamaki idan sabon rukunin ya bayyana a jerin. Kwamfuta tana sanin rukunoninta ne daga tikitin Kerberos da ta karɓa, kuma gpupdate ba ya sabunta wannan tikiti. Ko dai ka sake kunna ta, ko ka rubuta klist -li 0x3e7 purge don a zubar da tikitocin asusun na'urar, sannan ka sake gpupdate. Idan sunan GPO ɗin bai fito a ko'ina cikin sakamakon ba, to ka duba inda asusun sabar yake zaune a Active Directory, domin wanda aka bari a cikin Computers na asali ba ya cikin wani OU, kuma ba a iya ɗaura doka a kan wannan ma'ajiyar. Idan kuwa ta sauka amma lambobin ba su ne ba, wata GPO ce ta rinjaye ta, ko wadda ke kan OU mafi kusa da sabar, ko wadda aka sa wa Enforced daga sama, kuma gpresult /h zai fitar maka da rahoton da ke nuna dokar da ta yi nasara a kan kowane saiti. Sauran sabobin da ba ka tilasta musu ba za su ɗauka da kansu, domin suna duba dokoki duk minti 90, da ƙarin jinkirin da bai wuce minti 30 ba.

Don tabbatar da abin da Remote Desktop ke aiki da shi a zahiri, ba abin da aka rubuta masa kawai ba, ka tambayi Win32_TSGeneralSetting da ke root\cimv2\TerminalServices ta PowerShell. Zai ba ka SecurityLayer da UserAuthenticationRequired, da kuma SSLCertificateSHA1Hash, wanda za ka gwama da zanen yatsan sabuwar takardar don ka san ita ake nunawa ba tsohuwar ba. Daga waje kuma Nmap yana da rdp-enum-encryption, wanda ke gwada kowace hanyar tsaro a kan ƙofar 3389 ya faɗi wadda aka karɓa, kuma kusan irin abin da masu bincikenku suka yi ke nan, don haka gara ka riga su gani.

Malama Mai Binciken Tsaro ta rubuta:

A kan ta biyu, dokar ta yi abin da aka sa ta ne. Takardar tana ɗauke da cikakken sunan sabar kamar yadda yake a DNS, abokan aikinka kuma lamba suka rubuta, lambar ba ta cikin takardar, Kerberos ma ba ya aiki da ita a yadda aka saba, saboda haka babu abin da kwamfutarsu za ta tabbatar da sabar da shi. Ana iya sa lambar IP a cikin takarda, amma samfurin da ke ɗauko suna daga Active Directory ba ya yin haka, sai ka buɗe shi ya zama mai nema ne yake rubuta sunan da yake so, kuma samfurin da kowace kwamfutar domen ke da izinin nema, sannan aka bar ta ta zaɓi suna, hanya ce da wata za ta samu takarda da sunan wata. Ban ba ka shawarar haka ba.

Su koma kiran sabobi da cikakken suna, a gyara fayilolin .rdp da suka ajiye da jerin sabobin da ke cikin manhajojin da suke amfani da su. Uzurin da akan kawo shi ne ranar da DNS ya faɗi, kuma wannan ranar ita ce amfanin iLO da allon Hyper-V da Injiniya ya ambata. Kwamfutocin da ba sa cikin domen, irin na 'yan kwangila, Group Policy ba ta kai gare su, don haka sai an ba su takardar tushe ta cibiyarku sun shigar a ma'ajiyar Trusted Root Certification Authorities, kuma ka tabbatar suna iya kaiwa ga adireshin da cibiyar ke wallafa jerin takardun da aka soke, domin idan kwamfutar ta kasa duba wannan jeri za ta fito da gargaɗi ko da takardar sabar lafiyarta ƙalau.